Ɗana yana makarantar gwamnati: addu'ar asambili da sallar azahar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aiki ya kai ni kudancin Najeriya, ɗana mai shekara 15 yana sakandaren gwamnati. Kullum da safe a wurin asambili ana rera waƙoƙin coci, a ce kowa ya rufe ido a yi addu'a da sunan Yesu. Kuma ana tsare su a darasin ƙari har ƙarfe huɗu, babu damar yin azahar. Yana da laifi? Ko in cire shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar cire shi, ɗan'uwa.

Tsayuwa a layi don jin sanarwar makaranta ba ibada ba ce. Abin da bai halatta ba shi ne ya rera waƙar ko ya ce amin ga addu'ar da ta saɓa wa tauhidi. Ya yi shiru cikin ladabi, ban da ba'a, domin Allah ya hana zagin abin bautar wasu (An'am: 108). Doka ma tana tare da shi: sashe na 38(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi halartar ibadar addinin da ba nasa ba. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

Azahar ita ce ta fi damuna. Allah ya ce salla farilla ce mai ƙayyadajjen lokaci a kan muminai (Nisa'i: 103). Sai dai lokacin azahar yana da faɗi, daga gushewar rana har inuwar abu ta kai tsawonsa. Raka'a huɗu kuwa ba ta cin minti goma. Ba sai an gina masa masallaci ba, tunda Annabi (SAW) ya ce an sanya masa ƙasa masallaci da abin tsarki. Ya yi alwala da ruwan gorarsa lokacin tara, in azahar ta yi ya shimfiɗa kwali a bayan aji ya yi sallarsa, shi ke nan. Ranar jarrabawa da ba fita, in lokacin zaɓi, wato wanda na ambata a sama, ya wuce, ya sallace ta da zarar ya fito kafin la'asar ɗinsa. Amma kada uzurin rana ɗaya ya zama al'ada.

Ku haɗu da sauran iyaye Musulmi ku rubuta wa shugaban makaranta takarda mai laushin harshe, ku nemi minti goma sha biyar da ɗan wuri mai tsafta. Kada ku nemi a hana Kiristoci addu'arsu, ku nemi kawai ta zama ta ganin dama. Kuma in faɗi abin da wasunmu ba sa son ji: ɗalibi Kirista a makarantar gwamnati a Kano ko Sakkwato yana da wannan haƙƙin daidai wa daida, domin "babu tilastawa a addini" (Baƙara: 256). In shugaban ya ƙi, ku kai kuka ma'aikatar ilimi ta jihar. In yaron ya zama ana dukansa ko ana tilasta masa furta kalmar kafirci kuma an rasa mafita, to a nan sauya makaranta ya wajaba a kanka.

Allah ne mafi sani.