Tambaya da Amsa: Igwar Wasa Mai Bin Haske da Kanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibinka ne mai bin wannan fili daga Jega, ina karatun lantarki. Yayana ya kawo mini tsarabar wata 'yar igwar wasa da ya samu a wurin masu kayan gwanjo. A kan tebur ake ajiye ta, a jona da kwamfuta ta USB, tana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, tana harba kibiyoyin soso guda huɗu. An rubuta Dream Cheeky a gindinta. So nake in mayar da ita aikin da zan nuna a makaranta, ta riƙa gano abu da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, tana bin sa da kanta. Na ɗaura mata na'urar nan HC-SR501 da ake sa wa fitilun tsaro, amma ko ta ji motsin mutum ba ta san ɓangaren da yake ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa yayanka albarka, ya zaɓo maka abu mai kyau. Juyawa da harbi dama igwar ta iya su tun daga kamfani. Abin da ba ta da shi ido ne, don haka duk aikinka yana kan idon da za ka ba ta da kuma inda za ka dasa shi.

Mu fara da dalilin da ya sa HC-SR501 ta ba ka kunya. Infirared ba iri ɗaya ba ne. Tun 1800 William Herschel ya gano shi a Ingila, lokacin da ya raba hasken rana kala-kala, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Da nanomita ake auna tsawon zangon haske, kuma idonmu yana ganin haske ne daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Daga nan ne infirared ke farawa, amma filin yana da faɗi ƙwarai. Rimot ɗin talabijin yana fitar da nasa a wajen nanomita 940, dab da wanda ido ke gani. Ɗumin jikin mutum kuwa yana can nesa, wajen nanomita 10,000. Na'urarka wancan na nesan take ji, kuma amsa ɗaya ta sani: wani abu mai ɗumi ya motsa, ko bai motsa ba. Ba a gina ta don ta ce hagu ko dama ba. Akwai masu iya nuna inda ɗumi yake, kamar AMG8833 ta kamfanin Panasonic mai ɗigo 8 sau 8, da MLX90640 mai ɗigo 32 sau 24, sai dai suna da tsada, ga kuma matsalar ƙasarmu. A bazarar Kebbi, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, bangon ɗakin siminti yakan yi ɗumi daidai da fatar mutum ko ya fi ta. A irin wannan ɗaki mutum da bango sukan gauraye a idon na'urar. Shawarata ka rabu da bin ɗumin jiki. Abin da igwar za ta bi, ka ba shi fitilarsa ta kansa.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan yau da dare. Ɗauki rimot, buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata kan rimot ɗin ka danna kowane madanni. Da idonka ba ka ganin komai, amma a fuskar wayar za ka ga ƙwan yana ƙyaftawa da wani haske fari-fari mai sirkin shuɗi da ja. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba. Wannan ɗigon haske shi ne abin da za mu koya wa igwa ta bi.

Fitilar ba ta da wahalar haɗawa. Ciro ƙwan LED daga kan mataccen rimot, masu gyaran rediyo da talabijin ba sa rasa su. Haɗa shi da batir biyu ƙanana na AA, ka sa rezista mai ohm 100 a tsakani don ta rage wutar, wutar da za ta bi ta cikinsa ba za ta kai miliamfiya 20 ba, ba zai ƙone ba. Irin wannan ƙwan haskensa tsukakke ne, da ya ɗan kauce kyamara ta rasa shi, don haka ka goge kansa da sandfefa har ya dusashe, ko ka huda ƙwallon tebur ka cusa shi ciki, hasken ya bazu ta ko'ina. Kada ka dogara da rimot ɗin kansa a matsayin abin bi, domin ƙyaftawa yake yi, kuma sai an danna.

Yanzu ido. Wanda na fi so shi ne rimot ɗin wasan Wii da kamfanin Nintendo ya fitar a 2006. A kansa akwai wata 'yar kyamara ta kamfanin PixArt wadda ba hoto take aikowa ba. Ita da kanta take nemo ɗigon infirared har guda huɗu, ta faɗa maka inda kowane yake da lambobi, daga 0 zuwa 1023 a kwance, daga 0 zuwa 767 a tsaye, kimanin sau 100 a daƙiƙa ɗaya, ta Bluetooth. Wato an gama maka rabin aikin. Wani mai bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Johnny Chung Lee, shi ya yaɗa wannan dabara a wajen 2007, lokacin da ya yi allon rubutu na zamani da rimot ɗin da alƙalami mai ƙwan infirared. Sandar da ake ajiyewa a kan talabijin ta Wii ma ba ta ganin komai, fitilu ne kawai a ciki, rimot ɗin ne mai gani. Ka leƙa wurin masu gidan gem da masu gwanjon kayan lantarki. Idan ka samu, danna madannai 1 da 2 tare zai sa kwamfuta ta gan shi. Tsohon samfuri ya fi saurin yarda da kwamfuta a kan na baya-baya wanda sunansa ke ƙarewa da TR.

Idan ba ka samu ba, tsohuwar kyamarar kwamfuta mai USB ta isa, kuma a nan za ka fi koyon abu. Kwance gidanta, ka warware gilashin gabanta a hankali. A bayansa za ka ga wani ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, idan ka karkata shi yana ƙyalli ja-ja ko kore-kore. Shi ne ke tare infirared. Ɓanɓare shi da bakin allura, kada ka taɓa fuskar na'urar da ke ƙasa. A gurbinsa sa abin da zai tare hasken da ido ke gani: baƙin bakin tsohon nagatif na hoto, wanda haske ya ƙona aka wanke, ninki biyu, ko baƙin faifan da ke cikin tsohon filofi, ma'ajiyar bayanan kwamfuta ta da. Da ka jona za ka ga ɗakin ya yi duhu, fitilarka kaɗai ke haske. Daga nan da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, da OpenCV, kayan aikin sarrafa hoto, sai ka ce a watsar da duk ɗigon da haskensa bai kai wani mizani ba, a nemo tsakiyar abin da ya rage. Layukan umarnin ba su da yawa.

To ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. Ɗalibai da yawa suna ajiye kyamarar a kan tebur, su ce za su lissafa kusurwar da igwa za ta juya. Wannan igwa ba ta san inda bakinta ke kallo ba, ba ta da abin da zai gaya wa kwamfuta ta juya digiri kaza. Ka ce mata hagu, za ta yi ta tafiya har sai ka ce tsaya. Idan ka dogara da lissafin lokaci, kuskure kaɗan-kaɗan zai yi ta taruwa, bayan juyi goma tana kallon wani wuri dabam. Maganin shi ne ka ɗaure idon a kan igwar, a jikin ɓangaren da ke juyawa, ya kalli inda bakin ke kallo. Da ka yi haka tambayar ta zama mai sauƙi: ɗigon yana tsakiyar ido ko ba ya nan? A rimot ɗin Wii tsakiya ita ce 512 da 384. Ɗigo ya karkata gefe, igwa ta juya can, ido ya sake dubawa, a sake gyarawa. Ba ta bukatar sanin inda take, abin da take bukata ta san ya rage saura nawa. Ka dai gwada da hannu tukuna ka ga ko lambar na ƙaruwa ko raguwa idan fitila ta yi dama, don kada ka haɗa ta tana gudun hasken maimakon bin sa.

Umarnin da samfurin Thunder na Dream Cheeky ke karɓa lambobi ne: 1 ƙasa, 2 sama, 4 hagu, 8 dama, 16 harbi, 32 tsaya. Da PyUSB, kayan aikin Python na magana da na'urorin USB, ake aika su, ba sai ka nemi tsohuwar manhajar kamfanin ba.

Ranar da ka fara gwadawa za ka ga igwar tana karkarwa, ta wuce ɗigon ta dawo, ta sake wucewa ta dawo, ƙananan giyoyinta na roba suna ƙara. Kada ranka ya ɓaci, kowa ta nan yake bi. Injinta gudu ɗaya ya sani, kuma kafin umarnin tsayawa ya iso ta riga ta zarce. Abu biyu ke kwantar da ita. Ka zana ɗan fili a tsakiya, misali ɗigo 40 ta kowane gefe, ka ce muddin haske na ciki kada ta motsa. Sannan ka riƙa ba ta tafiyar a gutsure, kamar mai awon gero a kasuwar Jega: da farko ya kwarara, in mudu ya kusa cika sai ya koma yayyafawa da hannu. Idan ɗigon na nesa da tsakiya, bar injin ya yi tafiyar milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) kafin ya tsaya ya duba. Idan ya matso, 30 ta isa. Waɗannan lambobi na farawa ne, kunnenka da idonka za su gaya maka na gaskiyar. Ka kuma rubuta cewa duk lokacin da ido ya rasa haske, a aika 32 nan take. Rimot ɗin Wii yana aiko 1023 a duka lambobin biyu idan bai ga komai ba, wanda bai san haka ba sai ya ga igwarsa ta nufi kusurwa ta maƙale tana cin haƙoran giya.

Nauyi ma abin lura ne. Rimot ɗin Wii da batir biyu ya yi wa injin sama da ƙasa yawa. Cire batir ɗin ka ajiye su a tebur, ka jawo wutar da siririyar waya. Kyamarar kwamfuta da aka tuɓe wa gida ba ta da wannan matsala, ɗan gam ya riƙe ta.

Babban abokin gabarka rana ce. Haskenta cike yake da infirared, taga ɗaya a buɗe ko ƙyallin kwanon rufi a kan tayil ya isa ya janye igwar daga fitilarka. Haka kyandir, da fitilar kananzir, da tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki. Ƙwayayen LED na ɗaki ba su cika damu ba. Je ka ga ɗakin da za ka yi nunin tun kafin ranar, a daidai lokacin da za a yi, ka san labulen da za ka ja. In lokacin hunturu ne, goge idon kafin ka fara, ƙura tana watsa ɗigon ya zama gajimare.

Batun harbi kuwa, ra'ayina a fili yake: bin haske ya zama na na'ura, sakin kibiya ya zauna a hannunka. Soso ne, amma idon ƙaninka ba ya son ko soso, kuma na'urar da kyandir ke iya ruɗawa ba a ba ta ikon yanke hukunci. Kada ka ƙara mata ƙarfi, kada ka maƙala komai a bakin kibiya. Ka kuma tuna halin da yankinmu ke ciki. Abu mai bututu da kyamara da wayoyi a jakar saurayi, a shingen jami'an tsaro tsakanin Jega da Birnin Kebbi, zai iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Kwance ta gida-gida in za ka yi tafiya, ka riƙe takardar shaida daga sashenku. Da ni ne kai ma, bayan nunin zan cire kibiyoyin in mayar da dabarar kan farantin sola mai bin rana, domin hanyar gyaran kuskuren ɗaya ce, kuma masu noman rani a fadamun Argungu da ke jan ruwa da sola sun fi bukatarta.

Idan ka zo gwajin harbi a kan kwali, za ka ga kibiya tana sauka ƙasa da fitilar, saboda ido yana sama da bakin igwa, kuma soso yana saurin faɗuwa. Tsayar da nisa ɗaya, kamar mita biyu, ka matsar da tsakiyar da ka rubuta a manhaja kaɗan-kaɗan har kibiya ta riƙa samun wurin. Ka rubuto mini yadda ta kaya.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a Gusau. Ɗana yana yawan haɗa irin waɗannan fitilu da ba a ganin haskensu, yana cire kaya daga tsofaffin na'urori. Ba za su taɓa masa ido ba?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya shi. Ƙwan rimot guda ɗaya da batir biyu ba abin tsoro ba ne, haskensa kaɗan ne. Wanda nake so ki sa wa ido shi ne lesa, wato fitila mai siririn haske mai ƙarfi, da ke cikin na'urar rubuta faifan CD ta kwamfuta. Haskenta yana wajen nanomita 780, da ƙyar ido ke hango ɗan ja-ja, alhali ƙarfinta ya isa ya ƙona bayan ido. Haske mai ƙarfi da muke gani yana sa mu runtse nan da nan, wannan kuwa ba ya sa yaro ya ƙifta. Ki hana shi jona wannan lesa da wuta, ita da ta DVD duka. Manyan fitilun infirared na kyamarar tsaro ma kada ya kafa musu ido daga kusa. Idan yana so ya san ko fitila na ci, ya duba ta kyamarar waya.