Niƙa: aikatau ne ko suna?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa "tana niƙa gero", na kuma ji "tana niƙan gero". Wanne ne daidai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Duka biyun daidai ne. A ta farko, niƙa aikatau ne, gero ya biyo shi kai tsaye. A ta biyu kuwa suna ne, shi ya sa ya ɗauki -n. Namiji ne ko da yake ya ƙare da a, don haka "niƙan ya yi laushi" ake cewa, kamar "dakan yaji". Inda ɗalibai ke tuntuɓe ke nan, sai su rubuta "niƙar gero". Sunan ne kuma a "injin niƙa", "dutsen niƙa" da "an kai niƙa".

Idan ba a ambaci abin ba, sai a ce "tana niƙawa". Ta niƙe shi, wato bai rage ba. Ta niƙo, ta dawo da garin. Ya niƙu, ya yi lukui.

Amma fa tumatir da waken ƙosai markaɗa su ake yi, tunda da ruwa. Masarar fate kuwa ɓarzawa, sai tsaki ya fito.