Gilashin gaba: na kamfani ko na kasuwa?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Da na karanta tambayarka sai da na ja dogon numfashi, don abin da ya same ka ya taɓa samu na. Ka ce tsakuwa ce ta tashi daga tayar babbar mota ta daki gilashin gabanka, tsagewar ta yi ta tafiya har ta iso saitin idon direba, kuma mai sa gilashi ya ce ka zaɓa: ko na kamfani mai tambarin motarka, ko na kasuwa da bai kama ƙafarsa a tsada ba. Kana son ka san ko bambancin kuɗin ya cancanta.

Za a yi ta ce maka araha ba ta ado, ka rufe ido ka sayi na kamfani. Ni ban tafi a kan haka gaba ɗaya ba. Na kasuwa iri-iri ne, kuma wanda zai sa maka gilashin ya fi gilashin kansa ba ni tsoro.

Mutumin da ya yi min nawa aikin, har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi. Ya fito min da gilashi mai kyau, na duba tambarin da ke kusurwa da idona, na san kamfanin, muka daidaita. Ya ce in je in dawo, aikin ba ya son a tsaya masa a ka. Da na dawo mota ta sha wanki tana ƙyalli, an manna tef a saman gilashin, yana ta washe baki yana cewa ko a kamfani sai haka. Ashe ba wanda ya nuna min ya sa ba.

Asirin bai tonu ba sai wani dare da ruwa ya tare mu a hanya, ni da iyali. Fitilar duk motar da ta tunkaro mu sai in gan ta ta rabu biyu, ta ja jela, layin titi kuma yana lanƙwasa ta ƙasan gilashin. Na goge idona, na ɗauka gajiya ce. Abin share gilashi yana ta kai da komowa amma ya bar wani fili a gefen dama bai taɓa shi ba, don kumburin gilashin bai dace da na asali ba. Can sai ruwa ya fara ɗiga ta bayan madubin tsakiya, ɗis, ɗis, kan dashbod, daga nan ya koma zuba ta kusurwar sama ta gefen uwargida. Ta cire mayafinta ta toshe wurin da shi, hannu a sama, yara a baya sun yi tsit. Wata tirela ta wuce ta watsa mana ruwa, wallahi na ɗan lokaci ban ga komai ba sai haske fari fat. Na gangara gefen hanya na tsaya, hannuna na rawa a kan sitiyari. Ba na fatan ko maƙiyina ya ga irin wannan daren.

Da na koma wurinsa, ka san me ya ce? Wai idona ne, in je in ga likita. Yoyon kuma wai bodin motar ne dama a karkace. Na nuna masa kusurwar gilashin na ce ina tambarin da ka nuna min? Sai ya hau rantse-rantse, wai yaronsa ne ya ɗauko wani bisa kuskure, wai ai duk gilashi gilashi ne. Ko sisi bai mayar min ba. Da wani mai tsoron Allah ya cire shi daga baya, ya kira ni ya ce zo ka gani. An kankare fentin bakin firam ɗin da wuƙa ba a shafa komai a kai ba, tsatsa har ta fara ci. Abin da ya manna gilashin da shi kuwa, da yatsa ake ɓantaro shi. Ban yafe ba tukuna, gaskiya.

To, koma kan tambayarka. Yawancin kamfanonin mota ba su ke narka gilashi da kansu ba. Kwangila suke bai wa irin su Pilkington, AGC, Saint-Gobain Sekurit da Fuyao, a yi musu daidai da awon da suka bayar, a buga tambarinsu. Waɗannan kamfanonin kuma suna fitar da gilashi kasuwa da sunansu kawai, babu tambarin mota. Irin wannan shi ne na kasuwar da zan iya ce maka ka saya hankali kwance. Amma akwai wanda aka kwaikwayi siffarsa kawai, ba a san ma wa ya yi shi ba, shi ne irin wanda aka liƙa min. Kuma ko na sanannen kamfani ne, ka tambaya ko yana da duk abin da naka na asali yake da shi. Gilashin gaba falle biyu ne da leda mai suna PVB a tsakiya, kaurinta wajen milimita 0.76, ita ce ke riƙe shi kada ya tarwatse in ya fashe. A wasu motocin ledar ta musamman ce mai rage ƙara. In aka sa maka wanda ba shi da ita, za ka ji motar ta ƙara hayaniya a babban titi ka rasa dalili.

Ka je yanzu ka duba kusurwar tsohon gilashinka ta ƙasa, ka ɗauki hoton rubutun kafin a cire shi. Za ka ga sunan wanda ya ƙera shi, sau da yawa da AS1, da DOT da wata lamba a gabansa, wadda ke nuna kamfanin da ya yi shi. Ko ka ga harafin E a cikin da'ira da 43R kusa da shi. Lambar da ke manne da E ɗin ƙasar da ta tantance gilashin take nufi, ba inda aka ƙera shi ba: 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Birtaniya. Sabon da za a sa maka in babu irin wannan shaida a jikinsa, kar ma a sauke shi daga kan katako. Ka riƙe shi a karkace ka kalli wani abu miƙaƙƙe ta cikinsa, kamar turken lantarki ko gefen gini. In ya lanƙwashe, ka ce a kawo wani. Kuma don Allah ka tsaya a wurin har a gama. Duk wanda ya ce aikinsa ba ya son ido, ɗauki makullinka ka yi gaba.

Ba ka faɗa mana shekarar motar ba, kuma a nan maganar take rabuwa. In akwai kyamara a bayan madubin tsakiya, wadda ke lura da layin titi ko take taka birki da kanta, ni dai na kamfani zan ce ka saya, ko da za ka jinkirta wata hidimar. Kyamarar ta cikin gilashin take gani, kuma mazauninta a jikinsa yake manne. Kaucewa kaɗan a nan, a can nesa kan titi ta zama babba. Ko wanne ka sa ma, dole a sake saita kyamarar bayan an canza gilashi, wata da allo da kwamfuta a gareji, wata sai an tuƙa motar a titi mai layi. Ka tambayi mai aikin tun kafin ya taɓa motar ko yana da kayan yin haka. Haka in motarka na haska gudun da kake yi a jikin gilashi, nata gilashin daban ne, in aka sa gama-gari lambobin biyu-biyu za ka riƙa gani. In kuwa tsohuwa ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sayen na kamfani tambari kawai za ka biya wa kuɗi. In kana da inshora, kira su ka ji wanne suke biya kafin ka yanke.

Maganar gam ita ce ta fi damu na, shi ya sa nake ta komawa kanta. Da gam mai suna yuretan ake manna gilashin gaba, ba silikon ba. Ka ce a nuna maka kwalin, ka duba ranar lalacewarsa. A motoci da yawa jakar iska ta gefen fasinja in ta fashe, gilashin take doka sannan ta tare mutum, kuma gilashin yana taimaka wa rufi in mota ta kife, Allah ya kiyaye. Ka ga in da abin da aka manna min ne, ficewa gilashin zai yi. Duk lokacin da na tuna uwargida ce ke zama a wannan kujerar sai in ji abin ya dawo min sabo. Duk inda wuƙa ta kankare fenti a shafa firaima, wato fentin share fage mai hana tsatsa, kafin gam. Ka tambayi awa nawa gam ɗin ke so kafin a tuƙa motar, yana rubuce a jikinsa, wani awa ɗaya ya isa, wani ya fi haka. Ranar farko ka ɗan sauke gilashin ƙofa kaɗan, kar yara su riƙa buga ƙofa, kuma a haƙura da wankin inji na kwana biyu.

Af, ka canza robar abin share gilashi ma, tsohuwar tana ɗauke da yashi, za ta zana maka sabon gilashi. Ku kuma da naku bai wuce ɗan tabon tsakuwa ba, ku je a cike shi tun bai miƙe ba, in dai ba a bakin gilashin yake ko saitin idon direba ba.

Malam, turo sunan motar da shekararta, da hoton rubutun nan na kusurwa, in duba maka ko wane kamfani ne ya yi naka na asali.