Amsa kan tura ma'aikaci Jidda tare da iyalinsa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ku tsara alawus ɗin ma'aikacin da kamfaninku zai tura Jidda na shekara biyu, da matarsa da yara uku.

Kada ku yanka kuɗin da naira, ku rubuta shi da riyal. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace dala. Naira kuwa kusan 460 take kan kowace dala a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda aka rubuta wa naira a lokacin, ya wayi gari kuɗin bai kai na cefane ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne harajin iyali, wato kuɗin da baƙon ma'aikaci ke biya kan iyalin da ke zaune tare da shi. Saudiyya ta fara karɓarsa a Yulin 2017 kan riyal 100, ya kai 400 a wata kan kowane mutum tun 2020. Mace da yara uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, kafin haya da kuɗin makaranta. Wallahi ba adalci ba ne a bar masa wannan nauyin, tunda ba shi ya kai kansa ba. Ku rubuta ƙarara kamfani ne zai biya. Kuɗin iƙama (takardar izinin zama) da inshorar lafiya dama doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki.

Ku sa sharaɗin sake duba alawus duk wata shida, ko da zarar doka ta sauya. A Saudiyya, harajin sayen kaya (VAT) daga kashi 5 ya koma 15 rana guda a Yulin 2020.

Tikitin dawowa gida ma a rubuta shi tun yanzu, har da na yaran.