Tambayoyin Masu Karatu: Yadda za a rage safar hannu ta manya ta zauna wa ƙaramar yarinya

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni uwa ce daga Talata Mafara, kuma ban daɗe da koyon saƙa ba. Na sami tsarin saƙar safar hannu irin wadda yatsu huɗu ke shiga wuri guda, babban yatsa kuma yana da gidansa daban. Tsarin na babbar mace ne, ya ce a ɗora ido 40, wato madaukan zare guda 40, a kan allura mai kaurin milimita 4. Ina son in saƙa wa 'yata mai shekara 3, domin da sanyin safiya ake ɗaukar ta a babur zuwa makaranta. Na raba 40 biyu na ɗora 20, hannunta ya ƙi shiga. Na warware na koma 40 da siririyar allura, sai safar ta fito da tauri, kuma ta yi mata yawa. Hunturu ya matso, yaya zan yi?

Amsa: Barka kadai ƙanwata, Allah ya raya yarinya. Duk wadda ta taɓa riƙa hannun yaro da aka sauke daga babur da safiyar watan Janairu, ta ji shi kamar ƙanƙara, fatar ta bushe ta yi fari, ta san cewa wannan aiki da kika ɗauka ba na ado kawai ba ne.

Inda lissafinki ya kauce shi ne zaton da kika yi cewa hannun yarinya rabin na babba ne. Kewayen tafin hannun babbar mace yakan kai inci 7 zuwa 7 da rabi, na yaro mai shekara 2 zuwa 4 kuwa yana kusa da inci 5, wato kashi biyu cikin uku ke nan. Zaren ulu mai matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da allurar milimita 4, yakan ba da ido 22 a cikin inci 4. A wannan ma'auni ido 20 da kika ɗora bai wuce inci 3 da rabi da ɗan ɗoriya ba, shi ya sa hannun ya ƙi shiga. Sauya allura kuma ba tare da sauya zare ba yana matse idanun ne kawai, sai saƙar ta sandare alhali faɗinta bai ragu yadda ake bukata ba.

Abin da nake so ki fara yi shi ne ki ajiye lambobin tsarin a gefe, ki auna hannun 'yarki. Idan ba ta tsayawa, ki bari sai ta yi barci, ki zagaya zare a tafin hannunta daidai gindin yatsu huɗun, ban da babban yatsa, sannan ki miƙe zaren a kan tef ɗin tela. Ki kuma ɗora hannun a kan takarda ki zagaye shi da fensir. Wannan zane zai zame miki madubi har ƙarshen aikin, domin daga gare shi za ki ga tsawon hannu daga wuyansa zuwa kan yatsan tsakiya, wanda a wannan shekaru yakan kai inci 4, da kuma inda babban yatsa ya rabu da tafi.

Bayan haka ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin inci 4 ko fiye, da zaren da allurar da za ki yi aikin da su. Na san mata da yawa suna ganin wannan ɓata zare ne, amma hannun kowace mai saƙa daban yake, wata tana ja, wata tana sassautawa, kuma mai tsarin da hannunta ta ƙirga ba da naki ba. Ki shimfiɗa gwajin ba tare da kin ja shi ba, ki ƙirga idanun da ke cikin inci 4, ki raba huɗu. Mu ɗauka kin sami 22, wato 5 da rabi a kowane inci, hannun yarinyar kuma inci 5 ne. Ki ƙara rabin inci saboda sakewa da girma, sai ya zama inci 5 da rabi, wanda ya ba ki ido 30. Idan wuyan safar irin mai miƙewa ne na ido ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, 30 ya yi. Idan na biyu ta gaba biyu ta baya ne, dole adadin ya rabu huɗu, saboda haka ki ɗora 32. Idan da allura biyu kike saƙawa a shimfiɗe ki ɗinke daga baya, ki ƙara ido biyu na bakin ɗinki.

Wuyan safar kada ki gajarta shi. Ki ba shi inci 2 ko 2 da rabi, ki saƙa shi da allurar da ta ɗan fi siranta, domin shi ne ke shiga ƙarƙashin hannun rigar sanyi ya hana iska, kuma shi ne ke hana safar zamewa a hanya.

Gidan babban yatsa shi ne wurin da ya fi neman natsuwa. Yakan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na idanun tafi. Ki fara da ido ɗaya, ki riƙa ƙara ɗaya a kowane gefensa duk bayan zagaye uku, har sau huɗu, sai ki sami ido 9 a cikin kusan inci 1 da rabi. Ki zura su a wani guntun zare mai launi daban ki ajiye, ki ci gaba da tafin. In kin dawo gare su, ki tsinto ido biyu ko uku daga kusurwar da ke tsakanin yatsan da tafi domin kada rami ya fito, ki saƙa har tsawon ya rufe farcen, sannan ki tattara ki ƙulle. Shi kuwa kan safar, ki fara ragewa da zarar saƙar ta rufe ƙaramin yatsa: ido huɗu a zagaye guda, ki tsallake zagaye guda, har su koma 20 ko kusa da haka, daga nan ki rage a kowane zagaye har su koma 8 ko kusa da haka, ki zura zare ki ja. Ki riƙa ɗora aikin a kan zanen takardar nan, kuma ki rubuta adadin zagayen da kika yi domin ta biyun ta fito daidai da ta farko. Idan tsarin yana da ado na launi biyu, ni shawarata ki bar shi, domin zaren da ke ratsawa ta ciki yana sarƙe ƙananan yatsu.

Akwai abu biyu da ba zan yi shiru a kansu ba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, kuma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Ki cire mata safar kafin ta matsa kusa da murhu ko kaskon garwashi jin ɗumi. Sannan kada ki haɗa safar biyu da doguwar igiya ta bayan wuya, domin tana iya shaƙe yaro in ta maƙale a wani abu.

Tambaya: Anti, ni kaka ce daga Ƙauran Namoda. Jikana watansa 5, ko wannan lissafi zai yi masa?

Amsa: Sannu Inna, Allah ya ƙara lafiya. Awo da gwaji duk ɗaya ne, sai dai jariri ba a yi masa gidan babban yatsa. Ki saƙa ta kamar 'yar jaka da zare mai laushi, ki juya cikinta ki tabbatar babu bakin zaren da zai naɗe masa yatsa, kuma kada ki sa maɓalli ko dutsen ado, tunda hannun baki zai kai.