An ƙara mini antibairos biyu, amma kwamfutar sai ƙara rikicewa take

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Kwamfutar da nake ajiye sakamakon ɗalibai da hotunan iyali ta rikice kusan wata guda ke nan. Da na kunna ta sai wani jan rubutu ya fito a ƙasa, wai an gano bairos biyar, in biya a cire. Na kai ta shago, mai gyaran ya ce antibairos ɗina ba shi da ƙarfi, ya ƙara mini biyu. Yanzu ta fi da nauyi, fanka sai kuka take, kayan filashina duk sun koma shotkot, shekaranjiya kuma aka shiga mini Facebook. Wallahi hankalina a tashe yake. In ƙara wani antibairos ɗin ne, ko in yi fomatin in haƙura da komai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, bisa bayaninki takardunki da hotunanki suna nan. Amma asusunki ya fi kwamfutar gaggawa. Ki cire ta daga intanet yanzu, ki ɗauki wayarki ki canza kalmar sirrin imel tukuna, domin ta nan ake ƙwace sauran, sannan Facebook da duk abin da kika taɓa shiga ta kwamfutar. Ki fitar da na'urorin da ba ki sani ba daga asusun, ki kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba daga wayarki bayan kalmar sirri. Kada ki rubuta sabuwar kalmar sirri a kwamfutar da ba a wanke ba.

Jan rubutun nan galibi ƙarya ce tsagwaronta. Wani a gida ya shiga shafin kallon ƙwallo ko saukar da fim, aka nemi izinin turo sanarwa, ya danna Allow. Ki buɗe Chrome, ki shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ki goge duk shafin da ba ki sani ba. Kada ki biya ko sisi, kada ki kira lambar da suka sa.

Sai maganar da take ƙona mini rai kullum, wato wai yawan antibairos shi ne tsaro. Ban san wanda ya koya wa masu gyara wannan ba, amma da wuya mako ya wuce ban ga ɓarnarsa ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowane antibairos yana kafa kansa can cikin hanjin Windows, ya tare kowane fayil kafin a buɗe shi. Idan sun zama uku, fayil ɗaya sai an caje shi sau uku, wannan na riƙe da shi wancan na ja, wani lokaci ma ɗaya ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin cuta. Kukan fankar da kike ji ke nan.

Abin bai tsaya ga nauyi ba. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, Windows tana zuwa da cikakken antibairos nata, Defender, kyauta, yana sabunta kansa. An tsara shi ne ya ja gefe da zarar an saka wani. To, mai shago ya sallami mai gadin da yake aiki, ya kawo wanda aka fasa lasisinsa, wanda sau da yawa ba ya iya sabuntawa. An taɓa kawo mini wata kwamfuta, gefen agogo cike da tambarin garkuwa har huɗu. Na buɗe na farko, rabonsa da sabuntawa ya haura shekara biyu. Na duba jerin wuraren da aka hana Defender bincikawa, sai ga faifan C, wanda Windows ɗin kanta take kai, gaba ɗaya a ciki. Mai ita kuwa har alfahari yake wai tasa ba ta kamuwa. Wanda ya yi masa wannan aiki kuɗi ya karɓa!

Kuma ki lura da kalmar da suke faɗa kafin su saka manhajar sata: "bari in kashe Defender, yana hana ta shiga." Ai dalilin hanawar ke nan. Cikin irin waɗannan fasassun manhajoji da kayan kunna Windows da Office na sata ake cusa ɓarayin kalmar sirri, masu kwashe duk abin da burauza, irin su Chrome, ta adana cikin daƙiƙoƙi. A watan Mayun 2025 Microsoft ta sanar da cewa ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da ɗaya kawai daga cikin ɓarayin nan, Lumma, ya kama cikin wata biyu. Ina kyautata zaton irin wannan hanya aka bi aka shiga miki Facebook. Ba na cewa mai gyaranki ɓarawo ne, yawancinsu su ma ba su san abin da ke cikin faifan da suke yawo da shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba. Amma mutum ya karɓi amanar kayan wani alhali bai san aikin ba, wannan ma zalunci ne.

Don haka cirewa za ki yi, ba ƙari ba. Ki shiga Settings, Apps, ki cire duk antibairos ɗin da aka saka, ban da Defender, ɗaya bayan ɗaya, kina sake kunna kwamfutar bayan kowanne, haɗe da duk wata manhaja mai da'awar share datti ko ƙara gudu. Wasu suna da taurin kai, shi ya sa kamfanoninsu suka yi musu abin tumɓukewa: MCPR na McAfee, Avast Clear na Avast, kavremover na Kaspersky. Daga shafin kamfanin kaɗai za ki sauke. Sannan ki buɗe Windows Security ki tabbatar Defender ya farka, ki share duk abin da ke cikin Exclusions, wato jerin wuraren da aka hana shi bincikawa, ki mayar da intanet ya sabunta, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin cutar ta samu damar ɓuya. Ki biyo baya da AdwCleaner, kyauta ne, kuma ba ya zama gadi, yana sharewa ne ya koma gefe.

Filashin kuwa, ɓoye kayanki aka yi, ba a goge ba. Kada ki danna shotkot ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da cutar. Ki sa Defender ya bincike shi, ki buɗe Command Prompt, wurin rubuta wa Windows umarni, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kina sa harafin filashinki a madadin E. Fayilolin za su bayyana, sai ki goge shotkot ɗin da duk baƙon fayil mai ƙarewa da vbs ko js.

Batun fomatin, tunda an riga an shiga asusunki, ni shi na fi natsuwa da shi, amma ba na haƙura da komai ba. Bayan binciken ki kwashe takardu da hotuna kawai zuwa wani faifai, ban da manhaja ko ɗaya. A sauke Windows daga shafin Microsoft zuwa filashi mai gig 8, ba daga faifan shago ba, kuma ki zauna a yi a gabanki. Ki duba wace Windows ce ke kan kwamfutar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Idan kwamfutar za ta ɗauki Windows 11, ita za a saka miki.