Amsa: ko manga na 'yan sanda zai taimaka wajen koyon Japananci?

Ɗan'uwa ka ce ka iya hiragana da katakana (haruffan Japananci na farko), kana tambaya ko ka shiga manga (littattafan labarin zane na Japan) na binciken laifi ko ka dakata. Ni dai na ce ka shiga, amma ka nemi wanda aka yi wa samari, irin Meitantei Konan na Gosho Aoyama da ake bugawa tun 1994, kundinsa ya wuce 100. Dalili shi ne furigana, wato ƙananan haruffa da suke sawa gefen kanji (haruffan da Japanawa suka aro daga Sinanci), kamar dai littafin Larabci mai wasali, ko ba ka san kalmar ba za ka iya furtawa ka duba ƙamus a waya. Kuma daga dama ake farawa, wanda ya yi makarantar allo wannan ba zai ba shi wahala ba.

Daɗin abin shi ne kalmomin suna ta maimaituwa, jiken (lamari), hannin (mai laifin), shouko (hujja), doku (guba), kafin ka gama kundi 3 sun zauna maka daram. Inda ake shan wuya shi ne ƙarshen labari, lokacin da Konan, yaron da ke binciken, zai zuba bayani shafi guda cike, ni kam na taɓa kwashe kusan awa a shafi biyu wallahi. Wani sirrin ma wasa ne da kanji, wannan tsallake shi kawai. Sannan Hattori, abokin Konan a labarin, yaren garin Osaka yake yi, kar ka kwaikwaye shi a gaban malaminka.